GIWA DA BAƘONTA: LADUBBAN ZIYARAR MAFAKAR GIWAYE



Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, amma akwai wata dabba wadda Bahaushe ya daɗe yana jin labarinta, yana buga karin magana da ita, yana yi wa sarakunansa kirari da sunanta, alhali kuwa kaɗan ne ƙwarai daga cikin mutanen wannan zamani suka taɓa ganinta tana kiwo a dawa. Wannan dabba ita ce giwa. A yau duk mai son ganinta sai ya yi guzuri, ya shiga mota, ya tafi wurin da aka keɓe mata, ya biya kuɗin shiga, sa'an nan a kai shi ya gan ta. Irin wannan tafiya ita ake kira yawon buɗe ido, kuma ta zama babbar sana'a a duniya.

Abin da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kuɗin da baƙo ke miƙawa a bakin ƙofa yana iya raya giwa, yana kuma iya zama ladan wanda ya azabtar da ita. Saboda haka wajibi ne mai ziyara ya san inda zai kai kuɗinsa, ya kuma san yadda zai zauna da mai masaukinsa. Za a auna wannan magana da ma'auni biyu, watau halin da giwar take ciki, da halin da manomin da ke maƙwabtaka da ita yake ciki. Za a fara daga ƙasar Tsanyawa, domin mutumin irin wannan ƙasa shi ya fi kowa cancantar fahimtar ma'aunan nan biyu.

Giwa a Bakin Bahaushe

Tun yaro yana ƙarami giwa ke shiga kunnensa. A dandali ana ba shi tatsuniyar yadda Gizo ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowaccensu tana zaton da Gizo take ja. A makarantar allo, cikin surorin farko da yake haddacewa akwai Suratul Fili, wadda ke ba da labarin rundunar Abrahata, har aka san shekarar haihuwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da sunan Shekarar Giwa. Idan ya girma sai ya ji ana kiran sarki ko jarumi toron giwa. Idan babban al'amari ya shafe ƙarami, a ce sawun giwa ya taka na raƙumi. Idan mai daraja ya je inda ba a san shi ba, a ce giwa a garin wani zomo ce. Akwai ma gari sukutum kusa da Zariya mai suna Giwa.

Harshe ba ya tara irin wannan dukiya a kan dabbar da masu shi ba su zauna da ita ba. A da can dazuzzukan wannan yanki suna da giwaye. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma a cikin shekarar nan ya ƙirga giwaye 96 a garke guda kusa da Tafkin Chadi. A ƙarshen wancan ƙarni fataken Hausawa sun yi fice wajen cinikin haure. Sukan sayo shi daga ƙasashen Adamawa, irin su Banyo da Tibati da Ngaundare, su kawo Kano, daga nan raƙuma su ratsa hamada da shi zuwa Tarabulus, Turawa kuma su sassaƙa ƙotar wuƙa da kayan kiɗa da na ado. Ashe ke nan Kano tana da hannu a tarihin raguwar giwa, ko da yake mafi yawan haurun daga nesa aka kawo su.

Tsanyawa: Ƙasar da Fartanya ta Gaje

Wanda ya bar Kano ya kama hanyar Katsina, bayan ya wuce Bichi zai shiga ƙasar Tsanyawa. Duk inda ya duba, gona ce ta jingina da gona. Gero da dawa da gyaɗa da wake sun cika fili, itatuwan da suka rage kuwa, irin su gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka, kowanne da mai shi, kuma don amfaninsa aka bar shi tsaye. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin irin wannan zama na karkarar Kano tun cikin shekarun 1960, ya nuna yadda manomi ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, yana ciyar da ita da taki, yana ciyar da dabbobinsa da harawa da karan da ta ba shi.

Bisa ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Tsanyawa tana da mutum 157,680 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 492. Watau kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum wajen 320. Sai a ajiye wannan lissafi a gefe, a ɗauko na giwa. Babbar giwa takan ci ciyawa da ganye da ɓawon itace na kimanin kilo 150 a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100. Garken giwa 20 ke nan zai ci abin da ya kai nauyin buhu 30 kowace rana, kuma ba ya zama wuri ɗaya, sai ya yi ta tafiya yana bin ruwa da ɗanyen ganye. Ƙasar da ta zama kamar Tsanyawa ba ta da masaukin irin wannan baƙo ko na dare ɗaya.

Babu laifin manomi a nan, domin neman abinci ya sa shi saran daji. Abin lura dai shi ne, bindiga ce ta rage giwa, amma fartanya da garma su ne suka hana ta dawowa. Da yawa daga giwayen da suka rage a Nijeriya yau suna zaune ne a tsibiran daji waɗanda gonaki suka kewaye. Daga nan ne buƙatar mafaka ta taso.

Mafaka ta Gaskiya da ta Jabu

Kalmar mafaka tana da daɗin ji, shi ya sa 'yan kasuwa suka kama ta. Misalin ƙasar Tailan, a nahiyar Asiya, ya isa a gane haka. Mutanen can sun daɗe suna horar da irin tasu giwar tana jan gungumen katako. A 1989, bayan wata mummunar ambaliya, gwamnati ta hana saran dazuzzuka, sai giwaye masu yawa da masu kiwonsu suka wayi gari ba aikin yi. Wasu suka shiga birane bara da giwayen, wasu suka koma sansanonin 'yan yawon buɗe ido, inda ake ɗaura wa giwa kujera a gadon baya baƙi su hau, ko a sa ta rawa, ko buga ƙwallo, ko zane da hannunta.

Abin da baƙo ba ya gani shi ne yadda aka yi dabba mai wannan ƙarfi ta yarda da haka. A galibi tun tana ƙarama ake raba ta da uwarta, a ɗaure ta a wani matsattsen turke, a hana ta barci, a yi ta sukarta da ƙugiya har sai ta sallama. Bayan haka rayuwarta tana ƙarewa ne tsakanin sarƙa da ɗaukar kaya. A 2017 ƙungiyar World Animal Protection ta bayyana sakamakon binciken da ta yi a kan giwaye kusan 3,000 a wuraren yawon buɗe ido na Asiya, ta ce fiye da kashi uku cikin huɗu suna cikin mummunan hali. Da baƙi suka fara ƙyamar hawan giwa, sai wasu sansanonin suka sauya allon ƙofa kawai, suka rubuta mafaka, aka bar sarƙa da ƙugiya a bayan gida.

Amma akwai na gaskiya. A arewacin Tailan, kusa da birnin Chiang Mai, wata mata mai suna Sangduen Chailert, wadda aka fi sani da Lek, ta kafa Elephant Nature Park, inda ake karɓar giwaye tsofaffi da makafi da waɗanda nakiya ta raunata, a bar su su yi kiwo cikin 'yan'uwansu, ba mai hawansu. A Kenya kuma, Daphne Sheldrick ta kafa wata gidauniya a 1977 don tunawa da mijinta. Ita ce ta gano haɗin madarar da jaririn giwa maraya zai sha ya rayu. A gidan marayun da ke Nairobi masu reno suna kwana tare da 'ya'yan giwa, suna ba su madara kowace awa uku, idan sun tasa a kai su dajin Tsavo su koma cikin na dawa sannu a hankali. Baƙi kuwa awa ɗaya tak aka ba su a yini, suna tsaye a bayan igiya.

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da alamomin mafaka ta gaskiya. Ba a hawan giwa a cikinta, ba a sa ta wasa. Ba a sayen 'ya'yan giwa ko a hayayyafa su don a jawo 'yan kallo. Giwaye suna tare da junansu a fili mai faɗi, da inuwa da ruwa, da likitan dabbobi. Tsakanin baƙo da dabba akwai tazara. A taƙaice, duk wurin da aka tsara yinin giwa bisa son ran baƙo, kasuwa ce. Inda aka tsara ziyarar baƙo bisa yinin giwa, nan ne mafaka.

Akwai kuma wani darasi da annobar korona ta koyar a 2020. Da jiragen sama suka tsaya, baƙi suka ɗauke ƙafa, sansanoni da yawa a Tailan suka kasa ciyar da giwayensu, har masu kiwo suka kora su a ƙasa zuwa ƙauyukansu na asali. Wannan ya nuna cewa kuɗin baƙo taimako ne, amma bai kamata rayuwar dabba ta rataya a kansa shi kaɗai ba. Dole hukuma ta ɗauki nata kason.

Yankari

Mutumin Tsanyawa ba ya bukatar fasfo kafin ya ga giwa. Idan ya shigo Kano ya bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, sai ya kama hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, ya isa ƙofar Gandun Dajin Yankari a Mainamaji. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a Disambar 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, watau ya ninka ƙasar Tsanyawa fiye da sau huɗu. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kusa da masaukin baƙi kuma akwai maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke da ɗumin digiri 31 rani da damina. Ban da giwa akwai ɓauna da gwanki da kanki da dorina da gadu da gwaggon biri.

Yankari ta bambanta da wuraren da aka ambata a baya, domin giwayenta ba a taɓa ɗaure su ba. Na dawa ne, a gidansu suke, kuma wannan shi ne mafi darajar nau'in mafaka. Sai dai sun sha wuya. A ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 an sami kusan 350. Bayan shekara goma ƙiyasi ya sauko zuwa tsakanin 100 da 150, saboda maharba masu neman haure. A 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Wildlife Conservation Society don ƙarfafa sintirin masu gadin daji. An ba su horo da guzuri da alawus, an kuma rataya wa wasu giwaye na'ura a wuya wadda ke nuna inda garke yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Kisan giwa ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Wasu daga cikin masu gadin nan sun rasa rayukansu a hannun mafarauta, kuma ya kamata duk mai kallon giwa a Yankari ya tuna da su.

Ladubban Baƙo

Bahaushe ya san haƙƙin baƙunta, ya kuma san baƙo ba ya shiga ɗakin mai gida sai da izini. Wannan tarbiyya ita ce ake bukata a daji.

Da farko sai a zaɓi lokaci. Da rani, tun daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi suna taruwa a bakin Gaji, an fi samun ganinsu da sassafe ko da la'asar. Duk da haka babu tabbas. Mai yiwuwa ne a yi kwana biyu ana zagaye ba a ga komai ba sai kashi da sawu da karyayyun rassa. Baƙon kirki ba ya matsa wa direba ko ɗan rakiya su bar hanya su kutsa daji don ya sami hoto, ba ya kuma ba da na goro don a karya doka. Rashin tabbas ɗin nan shi ne shaidar cewa dabbar tana da 'yancinta.

Idan Allah ya sa aka yi kiciɓis da garke, sai a tsaya nesa, a zauna cikin mota, a yi shiru. Garken giwa tsohuwar uwa ke jagorantarsa, tare da 'ya'yanta mata da jikokinta, toraye kuwa sukan ware idan sun balaga. Babban kuskure shi ne shiga tsakanin uwa da ɗanta, ko tare wa garke hanyar ruwa. Kaɗa kunne kawai ba fushi ba ne, fifita ce take yi saboda zafi. Amma idan ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, ta fuskanci mota tana girgiza kai, to, sallama ce take ba baƙo, sai a ja da baya a hankali.

Kada a ba dabba abinci. Birai na masaukin Wikki sun zama ɓarayin jaka da kwano ne saboda baƙi sun saba musu da abincin mutane. Kada a yar da leda ko kwalba. Kada a sayi naman daji a bakin hanya, balle abin da aka sassaƙa da haure, wanda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun yarjejeniyar 1989. A Janairun 2024 hukumomin Nijeriya sun niƙe haure mai nauyin kusan tan biyu da rabi a Abuja, don a nuna cewa ba shi da daraja sai a bakin mai shi. A ƙarshe, a biya kuɗin shiga a inda aka tanada, a karɓi rasit, domin kuɗin da ya bi ta aljihun wani ba zai sayi takalmin mai gadi ba.

Haƙƙin Manomi

Ma'auni na biyu shi ne wanda littattafan 'yan yawon buɗe ido suka fi mantawa da shi. Giwa ba ta san iyakar da aka zana a taswira ba. Idan amfanin gona ya nuna, garken Yankari yakan fita ya shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, a dare ɗaya ya tattake abin da iyali za su ci shekara. Manomi yakan kwana a gona yana hura wuta, yana kaɗa gwangwani, yana sa ransa cikin haɗari. Haka abin yake a gabashin Barno, inda giwaye ke ƙetarowa daga Kamaru. A Disambar 2019 an ɗauki hoton garke mai kimanin 250 kusa da Rann. Mutumin birni abin sha'awa ya gani a hoton nan. Mutumin Tsanyawa kuwa, da ya san abin da damin gero ke nufi ga mai gida, zai fara tambaya ne, gonar wa suka bi?

Wannan tambaya ita ce daidai. Mafakar da ke kula da giwa ta bar maƙwabcinta da yunwa ba ta cika mafaka ta gaskiya ba, kuma ba za ta ɗore ba, domin manomin da aka cuta shi ne zai nuna wa maharbi hanya. An gwada magunguna. A kewayen Yankari an ɗauki mutanen ƙauyuka aikin sa ido, suna sanar da masu gadi da manoma idan garke ya doso. A Kenya, Dokta Lucy King ta tabbatar da cewa giwa tana tsoron zuma, sai aka riƙa kewaye gona da amya da aka haɗa da waya. Idan giwa ta taɓa wayar amya ta girgiza, zuma ta tashi, giwa ta gudu. Gwaji ya nuna wannan shinge yana korar kimanin kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka doso, ga kuma ruwan zuma na sayarwa. Bahaushe da ya gaji rataya amya a bishiya ba zai sha wuyar koyon wannan ba. Har ila yau a Kenya, a 2016 al'ummar Samburu suka buɗe mafakar Reteti, wadda su ne masu ita, 'ya'yansu maza da mata ne ma'aikatanta.

Saboda haka baƙo yana da damar ya yi tambaya: daga ina aka ɗauko ma'aikatan wurin nan? Me ke isa ƙauyukan da ke kewaye daga kuɗin shiga? Wa ke biyan diyya idan an yi ɓarna? Yawan masu irin wannan tambaya shi ke sa hukuma ta tanadi amsa.

Kammalawa

Giwa takan ɗauki ciki wata 22, ta haifi ɗa guda, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. Abin da harsashi ya ɗauke cikin daƙiƙa ɗaya sai an yi shekaru kafin a mayar. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinta na shekara goma na kare giwaye a 2024, ƙiyasin da aka bayar shi ne waɗanda suka rage a Nijeriya duka ba su wuce 400 ba. Ƙauye guda a ƙasar Tsanyawa ya fi su yawa.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman malaman daji da na gona da masu tsara kasafin kuɗi, aikin a fili yake: albashin mai gadi a kan lokaci, diyyar manomi ba tare da jan rai ba, da kiyaye iyakar gandu daga masu neman a yanka musu fili. Ga ɗalibai kuma, tafiya mabuɗin ilmi ce. Ya kyautu ƙungiyoyinsu su shirya ziyarar Yankari, su kuma taimaka a kai yaran makarantun karkara, irin na Tsanyawa da Bichi da Kunci, su ga dabbar da suke ji a tatsuniya. Su je da ladabin baƙo, su dawo su ba da labarin giwar da na mutanen da ke zaune kusa da ita. Idan aka yi sakaci, za a wayi gari malamin Hausa yana fassara wa ɗalibansa kirarin toron giwa da hoton da aka ɗauko a wata ƙasa.

Allah ya ba da ikon riƙon amana.